Ƙwai a Tsarin Sassauci

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taki, ya yara? Ƙwayayen kajinki sun iso lafiya, ko ɗaya bai fashe ba. Na jera su a injin ƙyanƙyasa, ina leƙa su kamar mai jiran haihuwa.

Sai dai Baban yara ya ɗebo mana ruwan dafa kanmu. Kamfanin wuta ya fito da wani tsari wai shi sassauci. Mutumin naki yana jin kalmar ya rattaba hannu, a zatonsa mu za a sassauta wa. Ashe mu ne za mu sassauta musu! Duk lokacin da jama'a suka yi wa wuta yawa, sai su yanke tamu, su rage mana kuɗin wuta. Na nuna masa ƙwai ba ya jure sanyi, ya ce ai muna da janareta mai aiki da gas ɗin bututu. Shi da ko fis ɗin lantarki bai iya canjawa ba. Ni dai raina bai so ba.

Ki gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai jiki lafiya, zuciya ce a dagule.

Kamfanin ya sanar cewa wuta ta fi araha da rana tsaka. Sai masu niƙa da masu walda da gidajen ƙanƙara duk suka koma aiki a wannan lokacin, kowa ya kunna injinsa. Tashar wuta ta zuƙe gas ɗin bututu don ta ishe su, bai isa ba, aka fara yanke mu 'yan sassauci. Na ruga wurin janareta, ya yi tari ya mutu. Ashe bututu ɗaya muke sha da tashar, an tsotse shi ƙarƙaf.

Yaya, 'yan tsakin sun fara kuka a cikin ɓawo. Na lulluɓe injin da bargo, na dafa ruwa a gawayi na zuba a kwalabe na jera kusa da ƙwayayen, a banza. Ina tsugune kukan yana raguwa har ya ɗauke. Kajin da kika yi shekaru kina zaɓar irinsu! Kunyarki ta hana ni kiran waya.

Yanzu ɗakin wari yake kamar mushe. Baban yara kuwa ya shigo yana washe baki, wai kamfani ya yaba mana, muna cikin waɗanda suka ceci unguwa daga ɗaukewar wuta gaba ɗaya. Jibi za su zo da mai hoto, in tsaya kusa da injina ina murmushi.

Na ce su zo. Ban wanke injin ba, ban cire ƙwai ko ɗaya ba, na kuma rufe tagogi. Manajan kamfanin zan sa ya buɗe murfin da hannunsa.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Auta