Isuhu Ya Tafi Ba Yaye

Talata da dare, Wudil

Ni da kaina na sa ma'aikatan garejina koyon gyara ta waya, saboda sababbin motocin nan masu kwamfuta. Yau Isuhu, babba a cikin yaran garejina, ya nuna mini takardar kammalawa a wayarsa.

"Oga, wani kamfani a Kano ya ɗauke ni. Gobe zan fara."

Na ce, "Walimar yayenka fa? Babanka bai zo daga Lajawa mun sa maka albarka ba."

Ya sunkuyar da kai. "Takardar kawai suka tambaya, Oga."

Na yi masa addu'a, na shige ƙarƙashin mota don kada ya ga idona.

Akwatin kayan aikin da na saya zan ba shi ranar walimar yana nan ƙarƙashin gadona. Bai ma san da shi ba.