Kyanwar da Aka Kai Dayi

Laraba, bayan isha'i

Bayana kamar zai ɓalle. Tun hantsi nake fama da ƙuma. Na shanya katifu a rana, na kwara wa zannuwa tafasasshen ruwa, na barbaɗa toka da ganyen bedi a kowane lungu. Ƙafafun autata Nana sun yi ruɗu-ruɗu, susa take har jini.

Jiya na tasa Malam a gaba kan kyanwarmu, tunda wankan sabulu bai yi mata komai ba. Ya ce, "Maman Nana, ita fa ke tsare mana masara." Na ce ko ita ko barcinmu. Ya sa ta a buhu, ya hau babur, ya sako ta can wajen Dayi.

Yau na ja gadon Inna, surukata, zan share, sai ga kazarta kwance kan ƙwai, ƙuma na ta tsalle a tsummokaran. Inna ta ce, "Ai don kyanwar nan na ɓoye ta, kar ta cinye min 'yan tsaki."

Ban gaya wa Malam ba tukuna. Ga shi ina jin ɓeraye sun fara cin buhunan masara a sito.