Daɓen da ke ƙarƙashin gidana

Litinin, 2 ga Maris, 2009

Kudu mai haƙar rijiya ya fara aiki a bayan gida. Da yamma kwamitin unguwa suka zo, sun ce ranar 4 ga Afrilu za a kafa allo a bakin layi: UNGUWAR JIYA, wato da sunana. Ya dace. Lokacin da na zo wannan gefen Maitumbi da injin buga bulo ɗaya, ba kowa sai ciyawa da macizai. Ni na fara sare dajin nan. An ce in shirya jawabi.

Laraba, 4 ga Maris

Kudu ya tsayar da aiki. Ramin ya kai ƙirjinsa sai ya kira ni: "Oga, zo ka ga, akwai mutum ya riga mu." Na sauka da kaina. Tsingaron tukwane ne, fasassu, amma ba zubar da su aka yi ba. An kafa su a tsaye, gefe da gefe, layi bayan layi kamar kitso. Na ce masa shara ce, ya je ya ci abinci.

Da ya tafi na kwara bokitin ruwa a kai. Duk ruwan ya gangara kusurwa ɗaya, bai kwanta ko'ina ba. Shekara ashirin ina harkar gini, na san abin da na gani. Daɓe ne. Tsakar gidan wani ne.

Alhamis, 5 ga Maris

Ban je wurin bulo ba. Ciwon kai.

Asabar, 7 ga Maris

Bakin Kudu ba ya rufuwa. Ndaceko, abokina tun muna aji uku, ya zo har gida ya leƙa ramin, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ciyaman! Ashe haya kake yi? Mai gidan yana ƙasa, kai kana bene!" Na ce ya fita mini daga gida. Yana tafiya yana cewa in gaida lanlod.

Idan wannan magana ta kai kunnen kwamiti fa?

Lahadi, 8 ga Maris

Bayan coci na kira 'yata Alisabatu a makaranta, na ce wani abokina ne ya ga abu kaza a gonarsa. Ta ce, "Baba, wane abokin?" Yarinyar nan. Sai ta hau bayani, wai an samu irinsa a ƙasar Yarbawa da ƙasar Nufawa, wasu sun yi ɗaruruwan shekaru. Ta kawo zancen Nok, ta kawo Masar, har da wani gari a Italiya da toka ta binne da burodinsa a cikin tanda. Na ce su wa suka yi na nan ɗin? Ta ce, "Na nan ɗin, Baba?" Na kashe waya.

Alhamis, 12 ga Maris

Na sa an kawo siminti da tsakuwa. Awa ɗaya ta isa a rufe shi, a haƙa rijiyar a wani wuri, shi ke nan. Filina ne, da takarduna.

Sai da aka kwaɓa na ce leburori su dakata. Na sake sauka. Wanda ya jera abin nan bai yi ha'inci ba, ko a lungu inda ido ba ya kaiwa layinsa bai karkace ba. Ga wurin da ya lotsa ya yi santsi, ina jin nan ne bakin ƙofa, ƙafafu suka cinye shi. Shi ma wataƙila ya tsaya a nan ya ce shi ya fara sare daji. Yanzu ko sunansa babu.

Kwaɓin ya bushe a banza. Na huce a kan leburori, ba laifinsu ba ne.

Talata, 17 ga Maris

Alisabatu ta turo saƙo, wai in sanar da masu kula da kayan tarihi. Su zo su kewaye mini gida da igiya, gari ya ji?

Na tsaya na daɗe ina kallon katangata. Bulona ne, mai kyau. Shekara nawa zai yi?

Asabar, 28 ga Maris

Hadari ya haɗu ta gabas, bai zubo ba. Jawabi ya ƙi rubutuwa. Duk inda na sa "babu kowa a nan" sai hannuna ya tsaya.

Asabar, 4 ga Afrilu

An kafa allo. An yi tafi, an sha lemo. Na ce na zo na tarar da daji, wannan gaskiya ne. Sauran ban faɗa ba, ba wanda ya lura sai Ndaceko, shi ma bai yi dariya ba.

Wani sabon maƙwabci, Meshach, ya kama hannuna: "Baba, ashe ku ne na farko a nan?" Na ji bakina ya ce, "A namu zamanin."

Na sa Kudu ya yi rumfar kwano a kan ramin kafin ruwa ya sauka. Saboda awaki ne, kada su faɗa. Alisabatu za ta zo hutun Ista da wata malamarsu ta tarihi. Na ce kallo kawai.