Sunan da Ya Ƙi Fita

Azeta, farin nonon safiyata, inuwar kaɗanyata da tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasa!

Shekaru nake ɗauke da ƙorafin nan. Kin bar ni da shanu a bayan garin Sagnarigu, kin tare a unguwar Tishigu wurin ɗanmu na fari, saboda maganar wata nas da na yi jika da ita. Wai ciwonsa tun yarinta ya samo shi. Wai yaron da ba a ɗauka ba, ba a kira ba, shi ke girma yana firgita, ya guji mutane, ya zauna yana kallon bango. To ni wa ya ɗauke ni? Ubana ya mutu bai taɓa faɗin sunana ba, ga ni ban haukace ba! Kunyar ɗan fari ni na ƙago ta? Ke ma ba a ɓoye kike ba shi nono ba?

Kin tuna ranar yaye, da muka kai shi riƙo unguwar Kukuo wurin ƙanwata Adijatu? Ya damƙe zanenki, muka ɓamɓare yatsunsa, ke hannu ɗaya, ni ɗaya. Muna dawowa ruwa ya tsare mu ƙarƙashin mangwaro, kika jingina kanki da kafaɗata, gaban rigarki jiƙe, ba da ruwan sama kaɗai ba. Ban taɓa son ki kamar ranar ba. Mutane suka yaba, suka ce mun san kunya. Yau kuma ni kaɗai ne mai laifi?

Kin aiko cewa ba za ki dawo ba sai na zauna gabansa na kira shi da sunansa. Haba, hasken idona! Ai na zo, wata Juma'a. Na hango shi ta taga, gemunsa har ya fara furfura, kina ba shi koko a baki. Sunan ya ƙi fita. Na juya. Na gwada sunan a garke, inda kowace saniya ke amsa nata. Babu wadda ta ɗago kai.

Ba zan yi wata mata ba. Tabarmarki na nan a naɗe, ƙwaryarki a kife, ni kuwa naki ne har a kai ni makwanci.

Amma ki amsa mini, Azeta, kada ki sake aiko da gaisuwa kawai. In na kira shi, ya san mai kiran? Zai juyo? Ki faɗa mini!

Naki har kabari,
Amidu