Butar Baba

Yaya,

Na leƙa na ga barci ya ɗauke ki ko kayan aiki ba ki cire ba, sai na kasa tashinki. Na tafi da Baba asibiti. Na san ba yau ce ranar wankin ƙodarsa ba, amma ba zan iya jira ba.

Da safen nan na same shi zaune a bakin gado, wai in ya kwanta numfashi gagararsa yake. Fuska duk ta kumbura. Na gwada jininsa, ya hau yadda ban taɓa gani ba. Na sake gwadawa, bai sauka ba.

Mu muna ta auna masa ruwa da ɗan kofin nan kamar yadda likita ya ce, ashe a buta yake sha. In ya zo kurkure baki wajen alwala, haɗiyewa yake yi. Da bakinsa ya gaya min, kansa a ƙasa: "Ƙishirwa ce, Auta, ba taurin kai ba."

Don Allah ki ɗauke butar daga ɗakinsa. Daga yau mu za mu riƙa zuba masa. Kuma kada ki yi masa faɗa in mun dawo.

Allah Ya sa mu dawo tare, Yaya. Wallahi tsoro nake ji.

Takalmansa na nan a bakin ƙofa, ƙafafun sun ƙi shiga. Su kam ki bar su inda suke.

Auta