Kwalbar da Wendell Ya Binne

Litinin, 20 ga Mayu
Kwana uku da rufe mijina Wendell. 'Yarmu Darla ce ta tuna da kwalbar. Ana saura wata guda bikinta ya binne kwalbar wiski, irin da ake kira burbon, a gonar nan, bakin kwalbar ƙasa, yadda ake yi don kada a yi ruwa ranar aure. Bai nuna wa kowa wurin ba. Ta ce in ba a tono an sha ba, kamar babanta bai zo bikin ba.

Alhamis, 23 ga Mayu
Ƙanensa Orval ya zo, wai gyaran shinge. Shinge lafiyarsa lau. Ta taga na hango shi yana caka ƙarfe a ƙasa.

Talata, 28 ga Mayu
Ramuka huɗu bayan rumbun taba. Ya ce gafiya ce. Gafiya mai shebur. "Matar yaya, ɓarawo kika mai da ni?" Na ce na san ƙishinsa tun yana saurayi. Ya yi dariya, amma bai dube ni ba.

Asabar, 1 ga Yuni
Ban ɗora tukunya ba yau.

Laraba, 5 ga Yuni
Wai yanzu Orval ya tuna Wendell ya nuna masa wurin. Sai yanzu? Ko ya gano ne, ya shanye, ya ɗura shayi. Zai aikata.

Asabar, 8 ga Yuni
Yau bikin Darla, ba a yi ruwa ba. Orval ya tona gindin bishiyar ƙofar gida, ƙasa lugub, takardar kwalba fes. Wiskin Tenesi ne, ba burbon ba. Wendell da ya yi shekara talatin yana mirgina gangunan burbon, gara ya sha kananzir da ya sha wannan. Na san kwalbar, ita ce Orval ya daɗe yana ɓoyo, ko Kirsimeti ba ya taɓa ta. Darla ba ta san bambanci ba, ta rungume ta tana kuka. Tafin hannunsa duk bororo. Ya ce mini a hankali, "Don Allah, Verna." Na daka na'a-na'a da sukari, na zuba ƙanƙara, na haɗa wa kowa da wiskin, yadda ba mai gane ɗanɗanonsa. Har ni.

Litinin, 10 ga Yuni
Ya dawo da shebur, wai zai ci gaba da neman kwalbar Wendell. Na ce ya bar ta inda mai ita ya ajiye. Waken da na dafa ya yi yawa, na ce ya zauna. Don kada ya lalace ne kawai.