Kindirmon Inna ya fi nawa kauri

Daren Laraba, Zongo.

Na gaji liƙis. Sati uku ina renon ƙwayoyin halittar da ke mai da madara kindirmo a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ina ba su daidai ɗumin da suke so, amma yau ma madarar ta fito ruwa-ruwa. Jibi malamina zai duba aikin.

Da na dawo na iske Inna ta ɗauke ƙwaryar nononta daga gefen murhu, ta kai gindin randa. Na ce, "Inna, sanyi zai wahalar da ƙwayoyin cikinsa fa."

Ta ce, "Dama. Sai ya ji wuya yake kama jikinsa. Ke kin shagwaɓa naki."

Na tsoma ludayi, har tsayawa yake.

Gobe zan rage wa ƙwayoyina ɗumin. Shekara huɗu ina jami'a, ashe amsar tana gindin randarmu.